Elinor ta Kastil: Mijinta Ya Yi Kukanta da Duwatsu, Jama'a Suka Yi Mata Zambo

A harabar tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross da ke tsakiyar Landan akwai wata doguwar hasumiyar dutse mai ado, an sassaƙa siffar mace a jikinta. Masu sauri su kama jirgi ba sa ko ɗaga kai su dube ta. Ginin 1865 ne, amma madadin wata tsohuwa ce da Sarki Edwad na Ɗaya ya sa aka kafa kusa da wurin bayan rasuwar matarsa Elinor a 1290. Guda goma sha biyu ya sa aka gina, ɗaya a kowane zango da gawarta ta kwana a hanyar Lincoln zuwa Landan. Da waɗannan duwatsu ne Turawan Ingila suka san ta har yau: matar da miji ya so har bayan ranta.

Sai dai mutanen zamaninta ba haka suka san ta ba. Ɗaya daga cikin garuruwan da aka kafa mata hasumiya shi ne Dunstable, kuma limamin da ke rubuta tarihin shekara-shekara a can, da ya zo kan mutuwarta, abin da ya ga ya cancanci a rubuta shi ne cewa 'yar Sifaniya ce wadda ta mallaki manyan gandaye masu yawa. Ko addu'a mai tsawo bai tsaya yi ba. Akwai ma wata gajeriyar waƙar zambo da ta yi yawo a lokacin, ma'anarta ita ce sarki zinarenmu yake so, sarauniya kuma gonakinmu take hari. To wace ce ta gaskiya, ta dutsen ko ta zambon? A ganina duka biyun ita ce, kuma ba za a gane yadda aka yi haka ba sai an duba abin da ake nufi da zama matar sarki a Turai ta ƙarni na 13.

An haife ta a 1241. Mahaifinta shi ne Fardinan na Uku, sarkin Kastil da ke Sifaniya, kuma duk wanda ya karanta tarihin Andalus ya san sunan nan ba da daɗi ba: shi ya karɓe Ƙurɗuba daga hannun Musulmi a 1236, ya karɓe Ishbiliya a 1248. Ke nan Elinor ta tashi a fadar da ke zaune cikin ganimar Andalus, tsakanin lambuna masu magudanan ruwa, dardumomi, littattafai da masu fassara daga Larabci. Mahaifiyarta Bafaranshiya ce, Jan, magajiyar wata ƙaramar ƙasa mai suna Ponthieu a arewacin Faransa. Da Fardinan ya rasu a 1252, sai yayanta ɗan uba, Alfonso na Goma, ya hau gado. Shi ne wanda ake wa laƙabi da Mai Hikima saboda son ilimi, kuma shi ya aurar da ita.

Dalilin auren rikicin ƙasa ne. Sarkin Ingila yana riƙe da Gaskoni a kudu maso yammacin Faransa, ƙasar da ke kawo masa kuɗi mai kauri ta cinikin giyar inabi daga Bordeaux. Su kuwa sarakunan Kastil suna da wata tsohuwar da'awa cewa Gaskoni tasu ce, domin an yi alkawarinta cikin auren wata gimbiyar Ingila da ta auri sarkinsu tun 1170. Wannan gimbiya ita ce kakar mahaifin Elinor, sunanta ma aka mayar mata. Alfonso ya tono maganar, masu tawaye a Gaskoni suka fara leƙa fadarsa, Sarki Henri na Uku na Ingila ya ga wuta na shirin kama gemunsa. Aka zauna aka daidaita: Alfonso zai janye da'awa, Edwad, yarima mai jiran gadon Ingila, zai auri ƙanwarsa. Alfonso ya kafa sharaɗin sai an ba angon ƙasashen da za su riƙa kawo masa mak 15,000 a shekara (mak wani ma'aunin kuɗi ne na lokacin), don kada ƙanwarsa ta shiga gidan da babu. Aka ɗaura aure ranar 1 ga Nuwamba 1254 a gidan ibadar Las Huelgas da ke Burgos. Ango yana da shekara 15, amarya 13.

A lura da wannan, domin zai dawo daga baya: amaryar ba ta zo da ƙasa ko dukiya a hannu ba. Gararta ita ce takardar janye da'awa.

Ta iso Landan a 1255, mutanen gari suka karɓe ta da kallon hadarin kaji. An ƙawata mata masauki irin na ƙasarsu, an rataye kyallayen alharini a bango, har ƙasa an shimfiɗa darduma. Turawan Ingila na lokacin ciyawa suke bazawa a daɓen ɗaki, don haka taka darduma da ƙafa ya zame musu almubazzaranci abin dariya da tsaki. Amma ba darduma ce ainihin abin da ke cinsu ba. Fadar Henri ta riga ta cika da baƙi: dangin matarsa daga Savoy, da 'yan'uwansa da suke uwa ɗaya daga Poitou, kowa an ba shi muƙami da gandu. Ga kuma sabon ayari daga Sifaniya. Elinor tana ƙasar lokacin da fushin ya fashe. A 1263 mutanen Landan suka tare kwalekwalen surukarta, Elinor ta Provence, a gadar Landan, suka yi ta jifanta da duwatsu da taɓo. Shekara ta zagayo, manyan masu ƙasa a ƙarƙashin Simon de Montfort suka ci sarki da yaƙi a Lewes a watan Mayun 1264, aka riƙe Edwad garkuwa. Ita kuma aka fitar da ita daga fadar Windsor saboda zargin tana neman sojojin haya daga waje, aka ajiye ta a Westminster ƙarƙashin sa ido, hannunta babu komai. Sai a watan Agustan 1265, bayan Edwad ya kuɓuta ya kashe Montfort a yaƙin Evesham, ta samu kanta.

Ina ganin a wannan shekarar ne ta koyi darussa biyu da ta riƙe har kabari. Na farko, kada a ga tana cusa danginta maza a muƙamai kamar yadda surukarta ta yi. Maimakon haka sai ta riƙa haɗa 'yan'uwanta mata aure da manyan Ingila a hankali, ba kiɗa ba guɗa. Na biyu, kada ta sake zama ba ta da nata na kanta. Tun daga ƙasashen da aka ƙwace wa 'yan tawayen Evesham ta fara tarawa.

Kafin mu shiga maganar dukiya, akwai labarin da ya fi kowanne shahara a kanta, kuma shi ne wanda ya fi rashin tushe. A 1270 ta bi mijinta yaƙin Salibiyya. Sun nufi haɗuwa da Sarki Luwis na Tara na Faransa a Tunis, suka tarar ya riga ya mutu. Suka yi hunturu a Sisili, suka isa Akka da ke gaɓar tekun Sham a watan Mayun 1271 da 'yar ƙaramar runduna. Zamanin Sultan Baibars ne na Mamalik masu mulkin Masar, wanda ya riga ya ƙwace Antakiya a 1268, ya kuma karɓe babbar ganuwar Hisnul Akrad makonni kaɗan kafin isowarsu. Edwad bai iya komai ba in ban da 'yan hare-hare, har aka ƙulla sulhu da Baibars a 1272 ba da son ransa ba. A watan Yunin shekarar wani ɗan saƙo da aka saba da shi ya nemi ganinsa a keɓe, ya zaro wuƙa ya soke shi a hannu. Edwad ya kashe shi nan take, amma raunin ya ruɓe, aka ji tsoron wuƙar tana da dafi. Labarin da ake koya wa yara shi ne Elinor ta sa baki ta tsotse dafin ta ceci mijinta. Wannan ƙari ne da ya fito daga baya. Ruwayar da ta fi kusa da abin da ya faru ta ce likita ne ya yanke ruɓaɓɓen naman, ita kuwa kuka take yi har sai da aka janye ta daga ɗakin. Ni dai ruwayar kukan ta fi shiga raina. Mace mai ɗanyen goyo, domin a wannan shekarar ta haifi 'yarta Jowan a Akka, a baƙuwar ƙasa, tana kallon ana yankan naman mijin da duk matsayinta a duniya ya rataya a wuyansa, me ake so ta yi?

A hanyar komawa, a Sisili, labari ya riske su cewa Sarki Henri ya rasu a Nuwamban 1272. Ba su yi gaggawa ba. Sai Agustan 1274 suka taka Ingila, aka naɗa su tare a Westminster ranar 19 ga watan.

Yanzu ga batun gandaye. A tsarin Ingila ana ware wa matar sarki wasu ƙasashe, amma ba za ta ci moriyarsu ba sai mijin ya mutu, tanadin zawarci ne. Kuma a lokacin surukarta tana raye tana cin nata kason, ba ta rasu ba sai 1291. Kuɗin da ke shigo wa sarauniya kai tsaye shi ne wanda ake kira zinaren sarauniya, wato ƙarin kashi ɗaya cikin goma a kan wasu kuɗaɗen da mutane ke biyan sarki don neman alfarma. Wannan ba ya riƙe gida mai ɗimbin ma'aikata da barori, da dawakai, da kyaututtukan da dole sarauniya ta yi. Edwad kuwa kullum cikin bashi yake saboda yaƙe-yaƙe. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne matarsa ta tara ƙasar kanta ta ciyar da gidanta, baitulmali ya huta. Ba a bayan idonsa ta yi ba. Shi ya buɗe mata ƙofa.

Ƙofar kuwa ita ce basussukan Yahudawa. Coci ta haramta wa Kirista cin kuɗin ruwa, don haka ba da rance da riba ya koma hannun Yahudawan Ingila, waɗanda a doka su da dukiyarsu mallakar sarki ne. Jarumi ko ƙaramin mai gandu zai karɓi rance ya jinginar da ƙasarsa, a rubuta takarda a ajiye a akwatin hukuma. Bayahude ba shi da ikon zama ya mallaki gandun irin yadda Kirista zai yi, takardar ce dukiyarsa. Sai sarki ya ɗora wa Yahudawa haraji mai nauyi. Wanda ba shi da tsabar kuɗi dole ya sayar da takardun bashinsa da araha, ko hukuma ta karɓe su a madadin haraji. Tun 1269 aka yi dokar cewa ba mai sayen irin wannan takarda sai da izinin sarki, ka ga an kori ƙananan masu saye, an bar na kusa da fada. Wa ya fi matar sarki kusa? Takarda na shiga hannunta, wakilanta za su je wa mai bashin. Jiya Bayahude yake bin sa, wanda zai iya ja wa rai. Yau sarauniya ce. In ba zai iya biya ba, sai a ce ya miƙa gandun a yafe masa, wani lokaci a ɗan ƙara masa wani abu a kai. Ta haka fadar Leeds da ke Kent, wadda masu yawon buɗe ido ke tururuwa gani a yau, ta fita daga hannun William de Leybourne ta shiga nata a 1278. Kafin ta mutu ƙasashen da ta tara suna kawo sama da fam 2,500 a shekara, kuɗin da ya ajiye ta a sahun manyan masu ƙasar Ingila.

Dubi yadda abin ya kasu. Bayahude ya yi asarar jarinsa, kuma shi ake zagi a kasuwa. Mai gandu ya rasa gadon kakanninsa. Manoman da ke kan ƙasar sun samu sabbin wakilai masu tsananin karɓa. Riba ta tafi fada. Babban limamin Canterbury, John Peckham, bai ɓoye mata ba. Ya rubuta yana gargaɗin cewa mallakar ƙasa ta hanyar ribar Yahudawa zunubi ne mai halakarwa, abin ya zama abin faɗa a ƙasa, har mutane na cewa ita ke zuga sarki yana tsanani. Ba ta daina ba. Su kuwa Yahudawan, bayan an tatse su har sun ƙafe, an hana su ba da rance da riba a 1275, sannan a Yulin 1290 Edwad ya ba da umarnin duk su fice daga Ingila kafin 1 ga Nuwamba.

Kada a ɗauka kuɗin tarawa kawai take yi. Tana da ɗakin marubuta nata na kanta, masu kwafar littattafai da masu yi musu zane, abin da ba a saba gani ba a fadojin arewacin Turai. Ta kawo masu aikin lambu daga Aragon suka yi mata aiki a gidanta na Langley. Takardun kashe kuɗinta sun nuna da wani jirgin ruwan Sifaniya ya tsaya a Portsmouth ta aika aka sayo mata lemo, rumman da ɓaure. Mace ce da ta shekara talatin da biyar a ƙasar hazo da sanyi, bakinta bai manta ɗanɗanon gida ba.

Aikin da aka fi auro ta dominsa kuwa, wato samar da magaji, shi ya fi ci mata rai. Ta haihu aƙalla sau 14, wasu masana suna ƙirga 16, cikin kusan shekara talatin. Shida kawai suka rayu bayanta, mata biyar da namiji ɗaya. Cikin farko ta yi shi tana 'yar shekara 13 zuwa 14, jaririyar ba ta zauna ba. Mazan kuwa kamar haihuwar wabi. Jon ya mutu a 1271 yana ɗan shekara biyar, iyayensa suna Akka. Henri ya mutu a 1274 yana ɗan shekara shida a Guildford, a hannun kakarsa, iyayen suna Landan ba su je ba, abin da masu tarihi ke ta muhawara a kai har yanzu. Sai Alfonso, mai sunan kawunsa, wanda ya kai shekara goma, an riga an yi masa baiko da 'yar mai mulkin Holand. A watan Afrilun 1284 Elinor ta haifi autanta Edwad a Caernarfon da ke Wales, inda mijinta ke gina ganuwa bayan ya murƙushe ƙasar. Wata huɗu bayan haka Alfonso ya mutu. Da ya rayu, da Ingila ta yi sarki mai suna Alfonso.

Shin uwa ce mai sanyin zuciya ga 'ya'ya? Akwai abin da za a kafa hujja da shi. Jowan ta Akka an bar ta riƙo wajen kakarta a Ponthieu na shekaru. Autan yana ɗan shekara biyu iyayen suka tafi Gaskoni a 1286, ba su dawo ba sai 1289. Amma akwai ɗaya gefen. Da aka so a tura babbar 'yarta Aragon gidan miji a 1282 tana 'yar shekara 13, Elinor da surukarta suka haɗa kai suka ce yarinyar ta yi ƙanƙanta, a dakata. Wadda aka aurar a wannan shekarun ta kuma binne 'yar fari ta san abin da take gudar wa 'yarta. Haka kuma ba da son ranta aka kai 'yarta Maryamu gidan zuhudu na Amesbury tana 'yar shekara shida a 1285 ba, kakar ce ta matsa don ta samu abokiyar zama. Gaskiyar magana ita ce duk inda aka ce ta zaɓa tsakanin zama da yara da bin miji, miji take bi, Wales ne ko Gaskoni ko Akka. Soyayya ce, kuma lissafi ne. Matar sarkin da ta yi nisa da kunnen sarki, wasu ne za su cika wurin.

Su 'yan matan an yi da su yadda aka yi da uwarsu. Magret ta tafi Brabant, babbar ta ƙare a Bar, Elizabet aka kai ta Holand. Jowan aka ba Gilbert de Clare, mafi ƙarfin masu ƙasar Ingila, wanda ya girme ta da kusan shekara talatin. Ita ce ta rama wa kowa: da ya mutu sai ta auri wani yaron gidansa, Ralph de Monthermer, a ɓoye a 1297. Uban ya fusata ya ɗaure angon, daga baya ya haƙura ya sake shi. Autan kuwa shi ya zama Edwad na Biyu, wanda Sukotlan ta kunyata a Bannockburn a 1314, matarsa ta tuɓe shi daga sarauta a 1327. Shekararsa shida uwarsa ta rasu, kuma rabin wannan shekarun ba ta ƙasar.

Soyayyar da ke tsakaninta da Edwad ba ƙirƙira ba ce. Ba a san shi da ƙwarƙwara ko ɗan gaba da fatiha ba duk zamansu, abin da ba kasafai ake samu ba a sarakunan lokacin. Akwai wata 'yar al'ada a gidansu: bayan azumin Kirista, wanda ma'aurata ke ƙaurace wa juna a cikinsa, ranar Litinin ɗin Ista matan fadar sarauniya sukan tsare sarki a gadonsa, sai ya biya su fansa kafin su bar shi ya je ɗakin matarsa. A Istan 1291, kusan wata biyar bayan rasuwarta, ya aika musu da kuɗin kamar yadda aka saba.

Tun a Gaskoni take fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A kakar 1290 suna arewacin Ingila jikin ya rikice, aka nufi Lincoln da ita ba a ƙarasa ba. Ta cika a ƙauyen Harby ranar 28 ga Nuwamba, tana da shekara 49, mako huɗu bayan cikar wa'adin ficewar Yahudawa. Wasiyyarta ga mijinta ita ce a binciki abin da wakilanta suka yi wa mutane, a mayar wa duk wanda aka zalunta haƙƙinsa. Ashe wasiƙun Peckham sun shiga. Edwad ya cika mata: a 1291 aka naɗa alƙalai suka zauna sauraron ƙorafi, mutane suka fito da ƙararraki na ƙwace da tsanani, wasu aka biya su.

A daidai lokacin da alƙalan ke zaune, magina suna aiki. An raba gawarta uku bisa al'adar manyan Turai: kayan ciki a babbar cocin Lincoln, zuciya a cocin Blackfriars ta Landan kusa da zuciyar ɗanta Alfonso, gangar jiki a Westminster ranar 17 ga Disamba, inda maƙerin zinariya William Torel ya zuba mata siffa ta tagulla mai ruwan zinare da ke nan har yau. Hasumiyoyin sha biyu kuma Edwad ya ɗauko salonsu daga waɗanda Faransawa suka kafa wa Luwis na Tara a hanyar jana'izarsa, sarkin da ake shirin ɗaukaka shi zuwa waliyyi. A jikinsu an sassaƙa ta da gashi a sake, fuska a natse, kamar hotunan Maryama a coci. Takardun alƙalan suka shiga rumbun ajiya, sai masu bincike ke buɗe su. Hasumiyoyin suna bakin hanya, kowane matafiyi yana gani. Ta Charing majalisa ta sa aka rushe ta a 1647 lokacin yaƙin basasa, wasu suka zube da kansu. Uku suna tsaye: ta Geddington, ta Hardingstone kusa da Northampton, da ta Waltham.